Masu Zuwa Karatun Ƙasarmu: Me Suka Gani, Me Suka Rubuta?

Yau maganarmu a kan baƙi ce. Ina nufin baƙin nan da ke zuwa da mota, da littafi da alƙalami a hannu, su ce daga jami'a suke. Su tambaye ka dami nawa ka samu bana, awaki nawa gare ka, rijiyarku gaba nawa ce. Su ɗebi ƙasa cikin leda, su ɗauki hoton rumbu. Bayan kwana biyu ko uku su yi sallama. Kowa ya san su. Amma kaɗan daga cikinmu suka san inda amsoshinmu ke zuwa.

Ilimin da suke bi sunansa labarin ƙasa, ƴan lakwal suna ce masa jewogarafi. Aikinsa shi ne sanin yadda ƙasa take, da ruwanta, da itatuwanta, da yadda mutane ke neman abinci a kanta. Wannan karatu ba ya yiwuwa cikin ɗaki kaɗai. Don haka malamai kan kwashi ɗalibansu su fita da su. Jami'o'in Turai da yawa kan kai nasu har ƙasashen waje inda ruwan sama ba shi da yawa, kamar Maroko da Tunisiya da Kenya. Su yi mako ɗaya ko biyu, su koma gida, kowa ya rubuta abin da ya gani, malami ya ba shi maki. Ƙasa irin tamu tana cikin waɗanda suke sha'awa ƙwarai, don ba hamada ba ce, ba kuma ƙasar ruwa ba ce. Suna kiran ta Sahel. Kalmar Larabci ce mai nufin gaɓa, watau mu ne a bakin gaɓar Sahara.

Ni ban ƙi wannan fita ba. Gani ya kori ji. Amma ganin kwana uku, cikin rani, daga tagar mota, wane irin gani ne? Kuma abin da aka rubuta ba ya tsayawa a takarda. Wata rana yana zama doka, yana zama tara, yana zama furoje. Shi ya sa ya kamata mu da muka fara karatu mu san abin da aka rubuta a kanmu, mu auna shi kamar yadda muke auna hatsi da tiya.

Mu fara da na farko. A watan Janairu na 1851 wasu Turawa uku suka sauko Damargu daga Abzin tare da ayarin gishiri na Buzayen Kel Ewe. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Sunansu Richardson da Overweg da Barth. A garin Tagelel suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, shi kuwa Barth ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Barth Bajamushe ne, malamin jami'a, ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim. Ya ji Larabci, ya koyi Hausa a hanya. Da ya koma gida ya buga labarin tafiyarsa cikin manyan littattafai biyar, a 1857 da 1858.

Me ya gani a ƙasarmu? Ya ga gonaki, ya ga rumbuna, ya ga shanu da dawaki. Ya rubuta sunayen garuruwa, har da Olelewa. Ya bayyana cewa hatsin Damargu ne ke ciyar da mutanen Abzin. Wannan shaida tana da daraja, don ta nuna noma a nan ba jiya aka fara shi ba. Abin yabo ga Barth shi ne yana tambaya da bakinsa, kuma yana rubuta sunan abu yadda masu abin ke faɗi. Amma kwanakinsa a Damargu kaɗan ne, kuma baƙon madugai ne. Wanda ya ɗauke ka a raƙuminsa, da idonsa za ka fi ganin gari. Maganar talaka mai hauya, da ta bawa, da ta mace mai daka, ba ta da yawa cikin abin da ya rubuta a kanmu.

Ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Cikin yaran da suka yi wa Barth hidima akwai wani Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, Overweg ya ƴanta shi. Ya bi Barth har Tambutu, ya bi shi har Ingila a 1855. Can ya ba da labarin rayuwarsa da abin da ya gani a ƙasar Turawa, da Hausa, wani mai suna Schön ya rubuta. An buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ashe mu ma mun taɓa samun namu da ya je ya dubi ƙasarsu.

To, bayan shekara tamanin da ƴan kai wani malami ya zo da wata magana dabam. Sunansa Stebbing, malamin ilimin daji ne a jami'ar Edinbara ta ƙasar Birtaniya, kuma ya daɗe yana aikin gandun daji a Indiya. A 1934 ya zagaya arewacin Najeriya da bakin iyakar Nijar, cikin rani. Ya ga itatuwa ba ganye, ya ga rairayi a gonaki, ya ga iska tana ɗibar ƙura. A 1935 ya buga rubutunsa, ya ce Sahara tana tahowa kudu, wajen kilomita ɗaya kowace shekara. Ya ɗora laifin a kan noman talakawa da kiwo da ƙunar daji.

Ku duba nan da kyau. Barth ya fito daga hamada, ya yi watanni bai ga gona ba, da ya iso sai ya ga rumbu. Stebbing idonsa ya saba da kurmi, da ya iso ƙasa irin tamu sai ya ga mutuwa. Duka biyu cikin rani suka zo. Kowannensu ya auna ƙasar da inda ya fito. Da Stebbing ya dawo cikin watan takwas, lokacin da karangiya ta rufe tudu, hatsi ya fi mutum tsawo, tabkuna sun cika, da ya sake tunani.

Maganar tasa ta tsorata masu mulki. Sai Ingila da Faransa suka haɗa ƙwararru, suka bi iyakar ƙasashen biyu a 1936 da 1937. Waɗannan suka ce ba su ga hamada tana tahowa yadda ya faɗa ba. Suka ce akwai wuraren da ƙasa ta lalace, amma tuddan rairayi da yawa tsofaffi ne, ciyawa da itatuwa sun riƙe su. Sai dai maganar tsoro ta fi maganar hankali gudu. Ta Stebbing ce ta zauna a kunnen mutane. Bayan farin 1973 ta sake tashi. A 1975 wani masani mai suna Lamprey ya bi ƙasar Sudan ta jirgin sama, ya ce hamada ta ci wajen kilomita 100 cikin shekara 17. Amma taswirar zamanin ruwa ya gwada da abin da ya gani a bayan fari. Kamar mutum ne ya gwada saniyar kaka da saniyar bazara, ya ce an canza masa saniya.

Daga baya aka samu taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton ƙasa daga sama kullum. A 1991 wasu masana na Amurka suka buga abin da hotunan suka nuna. Daga 1980 zuwa 1984 iyakar tsiro ta ja baya zuwa kudu wajen kilomita 240. Shekara ɗaya bayan haka, da ruwa ya samu, ta koma arewa wajen kilomita 110. Watau bakin hamada yana zuwa yana komawa, yana bin damina. Wannan kuwa kowane Bafillace da ke kai shanu arewa ya san shi tun kafin a ƙera jirgi.

Kada wani ya ce wannan gardamar malamai ce, ba ruwanmu. Da ruwanmu. Tunanin cewa talaka shi ne maƙiyin itace ya shiga dokokin daji, tun ta Faransawa ta 1935 har tamu ta 1974. Manya sun tuna lokacin da gawon da ke gonarka ba naka ba ne, in ka sare reshe ƴan gandun daji su ci ka tara. Mutum kuwa ba ya renon abin da zai jawo masa tara. Sai a 2004 aka yi sabuwar dokar daji. Haka kuma dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a yamma da mu, wajen Dakwaro, kwarin Tarka ne alamarta. An ja ta a kan taswira bisa lissafin ruwan sama, cikin shekarun da damina ke da kyau. Ruwa bai tsaya kan layin ba, mutane ma ba su tsaya ba. Rigimar gona da burtali da muke fama da ita har yanzu tana da jijiya a nan.

Yanzu mu zo ga waɗanda suka zauna. Akwai wani Ba'amurke, Stephen Baier, wanda ya yi bincike a Damagaram da Damargu, ya zauna da tsofaffin fatake ya ji ta bakinsu. Littafinsa ya fito a 1980, a kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Ya nuna yadda ayari ke haɗa Tarabulus da Agadas da Damagaram da Kano, da yadda Damargu ta zama zango a tsakiya. Ya nuna makiyayi da manomi ba ƙasa biyu ba ne. Wannan yana kawo gishiri da dabino da dabba, wancan yana ba da hatsi. In fari ya zo, mutanen arewa su gangara kudu wajen mutanensu, in ƙasa ta yi kyau su komo. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911, fataucin Sahara ya faɗi, hanyar arziki ta juya kudu. A ganina wannan littafi ya fi rahoto goma na masu wucewa amfani, don ya nuna cewa tafiya lokacin fari dabara ce ta kakanni. Mai zuwa na kwana uku, in ya tarar da gari rabin gidajensa a rufe, sai ya rubuta gari ya watse. Alhali cin rani suka tafi.

Wanda na fi yaba wa shi ne Michael Mortimore. Baturen Ingila ne, ya zo Najeriya a 1962, ya koyar da labarin ƙasa a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya a jami'ar Bayero ta Kano, har 1986. Bayan farin 1973 ya zaɓi wani ƙauyen Mangawa mai suna Dagaceri, a arewa maso gabas da Kano, ba nisa da iyakarmu. Ya yi ta komawa can shekara bayan shekara, fiye da shekara goma. Ya ga shekarar ƙoshi, ya ga ta yunwa, har da ta 1984 wadda muke kira El Buhari. Ya rubuta abin da mutane ke yi in hatsi bai yi ba: wane ne ke tafiya birni, wace sana'a yake yi can, wace dabba ake fara sayarwa, wane ganye da wane ɗan itace ake ci, yadda ake sake shuka in ta farko ta ƙone. Littafinsa na 1989 a kan yadda mutane ke jure wa fari ne. Hukuncinsa shi ne manomin Sahel ba jahilin ƙasarsa ba ne, mutum ne mai lissafi wanda ba ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya. Daga baya ya yi aiki da malaman Nijar, irin su Yamba Bubakar na jami'ar Yamai, a kan yadda jihar Maraɗi ta canza daga 1960 zuwa 2000. Ya rasu a 2017.

Mene ne bambancinsa da Stebbing? Ba wai ya fi shi kaifin ƙwaƙwalwa ba ne. Komawa ya yi ta yi. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mortimore raɓa ce da ta yi ta sauka wuri ɗaya har ta jiƙa ƙasa.

Amma ko shi ina da abin faɗi a kansa. Wani lokaci yabon dabarar talaka yana yin yawa, har mai karatu a Turai ya ɗauka ba mu da matsala. Dafa anza kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗaci dabara ce, gaskiya ne. Amma wanda ya ci ta don dole ya san ba abin alfahari ba ne. Kuma lalacewar ƙasa ba ƙarya ba ce. Wanda ya je Gure ko Maine-Sorowa ya ga rairayi yana binne kwari. Lokacin da muka samu mulkin kai a 1960 mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17. Gonar da kakanmu ke bari ta huta shekaru, yau ba ta hutawa.

Haka ma labarin komowar itatuwa. Masana irin su Mahaman Larwanu ɗan Nijar, da Chris Reij ɗan Holan, da Gray Tappan ɗan Amurka, sun gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi. Suka tarar manoman Maraɗi da Damagaram sun rena itatuwa a gonakinsu, wajen hekta miliyan 5, itace wajen miliyan 200, ba da dashe ba, da sassabe mai kyau da barin toho. Labari ne mai daɗi, kuma ya wanke manomi daga zargi. Sai dai ƙarfinsa a kudu yake, wajen Magarya da Matamai da Mirya, ƙasar gawo. Mu nan ruwanmu ba ya cika wuce milimita 300 a shekara. Namu aduwa ce da jiga da magarya da anza da ƙaya. Kada a ɗauki hoton Magarya a rubuta Belbeji a ƙasansa.

Babban laifin da ya haɗa su duka, na kirki da na gaggawa, shi ne harshe. Duk littattafan nan da Ingilishi suke ko Faransanci ko Jamusanci. Tsohon da ya ba da labarin ayari, da matar da ta lissafa sunayen ganyen miya, ba wanda ya dawo ya karanta musu abin da aka yi da maganarsu. An ɗebi ruwa a rijiyarmu, an kai wani gari an sha.

Yau abubuwa sun canza. Tun wajen 2010 matsalar tsaro ta sa baƙi daga Turai sun yi ƙaranci a yankinmu. Masu zuwa yanzu galibi ƴaƴanmu ne. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da sashen labarin ƙasa, wanda ya yi shekaru yana aiki tare da jami'ar Lozan ta ƙasar Suwis. Daga wannan haɗin ne littafin Maman Waziri Mato ya fito a 2000, a kan noman rani a kudancin jihar Damagaram. A 2010 aka buɗe jami'a a Damagaram, wadda ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin nan ɗan garin. Wannan ci gaba ne. Amma yaron da ya girma a birni, in ya zo Belbeji, shi ma baƙo ne ko da yana jin Hausa. In ya zo da tsohuwar al'ada zai koma da tsohon kuskure.

Kuskuren kuwa a fili yake. Suna zuwa cikin rani, don lokacin ne hanya ke biyuwa. A lokacin samari sun tafi cin rani, garke ya yi nisa. Suna sauka gidan mai gari, shi ne zai kira musu mutane biyar ko shida, galibi dattawa maza. Matan da suka san kuɗin cefane da nisan itacen wuta suna cikin gida. Buzu da Bafillace suna bakin rijiya, ba wanda ya je. Takardar tambaya an rubuta ta tun a birni, da Faransanci, ta ce e ko a'a. In aka tambaye ka ko ƙasa ta lalace, me za ka ce? Ta tudu ko ta kwari? Bana ko bara?

Mu ma da namu laifin, sai mu faɗa. Tun zamanin jangali ba mu son a ƙirga mana dabba. Mai tumaki talatin sai ya ce goma. Wani kuma yana zaton taimako ne za a raba, sai ya ce rumbunsa wayam. Ɗalibi ya rubuta, ya haɗa lissafi, malaminsa ya sa hannu. Bayan shekara biyu wani ma'aikaci a Yamai ya buɗe takardar ya tsara aiki a kanta. Ƙaryar da muka yi da rana ita ce za ta dawo mana da dare.

Saboda haka in sun zo, a karɓe su da mutunci, a ba su ruwa, ɗalibai ne masu neman sani. Amma a tambaye su su ma. Daga wace jami'a kuke? Wa ya aiko ku? Akwai rabo a bayan wannan tambaya ko babu? Yaushe za ku dawo, kuma za ku zo da damina? A ce musu su zauna da mata dabam, su je rijiya wajen makiyaya. A roƙe su, in sun gama, su aiko da taƙaitaccen bayani da Hausa ko da Tamashek ko da Fulatanci, ko shafi biyu ne, a karanta a cibiyar karatun manya. Belbeji ta zama dapartama tun 2011, muna da ofisoshin da za su iya ajiye irin waɗannan takardu.

Abin da ya sa Mortimore ya fi sauran shi ne lissafin shekaru da yawa a wuri ɗaya. Wannan kuwa mu muka fi kowa damar yin sa, tunda muna nan rani da damina, kuma yanzu hannunmu ya kama alƙalami. A cibiyarmu mun ware littafin rubutu guda don wannan. Kowane mako mutum ɗaya ke riƙe shi. Ana rubuta ranar ruwan farko, da ranar shuka, da sau nawa aka sake ta. Ana rubuta kuɗin tiyar hatsi da na akuya ranar kasuwa, da ranar da garke ya wuce arewa, da ranar da ya komo, da ranar da tabki ya ƙafe. Mata suka ce a ƙara musu shafi na ganye da ƴaƴan itace, wanne ya yi bana, wanne bai yi ba, an ƙara. Duk cibiyar da ke son irinsa ta aiko wa wannan jarida, za mu nuna yadda ake ja masa layi.